Ranar da Sitti ta Fito da Turminta

Wata Alhamis ce bayan La'asar, cikin sanyin shekarar da na shiga aji huɗu, aka aike ni tsohon garin Jidda da gwangwanin madara cike da yajin tsire. Kakata ce ta aike ni, wadda muke kira Sitti kamar yadda 'ya'yan Jidda ke kiran kakanninsu mata. Umarninta uku ne: in bi ta lungun baya, in miƙa gwangwanin ta ƙaramar ƙofa, in juyo ba tare da na kula kowa ba. Duka ukun na karya a ranar, kuma har yau da nake da 'ya'yan kaina ban yi nadama ba. Ina isa Bab Makka, ƙofar tsohon garin, na ci karo da ayarin Turawa, maza da mata, fuskokinsu jajur saboda rana, suna biye da wani mai farar jallabiya da ya ɗaga naɗaɗɗiyar lema sama don kada su ɓace masa. Na gane shi nan take. Ustaz Nabil ne, mai sayen yajinmu, wanda kowace Alhamis yake zagaya da 'yan Italiya ma'aikatan wani kamfani da iyalansu, yana ɗanɗana musu abincin tsohon gari.

A unguwar Sa'alaba muke zaune, cikin wani gida mai tsakar siminti da muke rabawa da iyalai huɗu, dukkanmu jikokin mahajjata. Mahaifin Sitti da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi noma a Sudan shekara da shekaru kafin ya tsallako teku. Ita kuwa a Jidda aka haife ta, ba ta taɓa ganin Kano ko a mafarki ba. Duk da haka iƙama, takardar izinin zaman baƙi, take sabuntawa kamar wadda ta sauka jiya, kuma dokar gidanmu guda ce, da ita aka yaye mu: "Kada a gan ki, kada a ji ki." Idan mota ta tsaya a bakin layi, mu yara mukan bar carafkenmu na ƙwallon dabino mu shige ciki. A makaranta in wata ta toshe hanci ta ce ina warin man gyaɗa, an ce in sunkuyar da kai in wuce. Ni dai kaina bai iya sunkuyawa ba, shi ya sa sau biyu ana kiran Ummata ofishin shugabar makaranta a zango ɗaya.

Warin kuwa gaskiya ne, don gyaɗa ce ta raine mu. Tun Litinin ake soya ta a babban kasko da yashi, mu murje, mu sheƙe ɓawon a faifai, a kai niƙa, a dawo a tatse mai har kafaɗun Umma su yi tsami. Daga nan a toya ƙuli-ƙuli a shanya a kan rufi, ni ce mai gadinsa daga tattabaru da kyanwoyin unguwa, waɗanda babu ɓarayi irinsu a faɗin Jidda. Ranar Laraba Sitti take zama da kanta ta haɗa citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono, ta zuba kan ƙuli-ƙulin, ta daka a turmin da wani mahajjaci ya kawo wa mahaifiyarta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take dakan. Sai ta shige ƙuryar ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ninka tsohon bargo ta shimfiɗa ƙarƙashin turmin don kada sautin ya fita layi. In na yi ƙorafin zafi da atishawa sai ta ce, "Baƙo raɓa ne, yarinya, ba ya kwana da ƙara."

To, a ranar nan sai na rungume gwangwanina na bi bayan ayarin, ina lafewa a bayan wata mata mai faɗi. Shekaru biyu ina zuwa unguwar, amma ta lungun kwata da kwandunan shara kawai na san ta. Ban taɓa ɗaga kai na ga gidajen nan masu hawa huɗu da biyar ba, na dutsen teku, da tagogin katako masu sassaƙa da suka leƙo kan hanya har suna inuwa. Turaren wuta na fitowa daga shaguna, ƙamshin gahawa na haɗuwa da na soyayyar hanta. Ustaz Nabil ya tsaya wurin mai dafaffen waken ful da burodin tamis, ya yi ta zuba da yarensu yana wasa da hannu. Ba na jin ko kalma, sai dai sunayen ƙasashe da kunnena ke tsinta. Wajen mai burodi na ji "Bukhara." Wajen mai mutabbaƙ, wato fanken nan mai ninki da ƙwai da nama a ciki, na ji "Yaman." Wajen wani mai kayan zaƙi na ji "Masar," can gaba na ji "Jawa." Kowane abinci da ubansa, kuma a kowace tsayawa mai sana'ar yakan fito ya dafa ƙirji, a ɗauke shi hoto yana murmushi. Na san inda za a ƙare, kuma na ƙudura sai na ji yadda sunanmu yake fita a bakin Bature.

Zango na ƙarshe wani tsohon gida ne mai tsakar gida da rijiya a rufe. Ta babbar ƙofa na shiga tare da su, karo na farko a rayuwata. A gefe wani mutum ne da rawani mai ruwan ɗorawa da falmaran irin na mutanen Hijaz na dā, yana jera tsinken nama gefen garwashi. Da ya gan ni ya fizge gwangwanin, ya yi mini alama da ido in ɓace, ni kuma na koma bayan ginshiƙi na tsaya. Ya barbaɗa yajin Sitti a naman, ƙamshin gidanmu ya cika wurin, Turawa suka fara lumshe ido. Ustaz Nabil ya ɗaga tsinke ɗaya sama, ya yi dogon jawabi. Na kasa kunne har ina riƙe numfashi. Ban ji Afirka ba, ban ji Najeriya ba, ban ji Hausa ba. Sai ya bugi ƙirjinsa ya ce, "Jidda, Jidda," ya nuna mai rawani, aka tafa masa. A nan na fahimci abin da ake nufi da kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye na tafi gida. Sai matar nan mai faɗi ta ciro wata takarda daga jakarta ta miƙa wa Ustaz Nabil, tana nuna 'yarta, wata siririyar yarinya sa'ata da aka riga aka danƙa wa tsinke a hannu. Da Larabci aka rubuta takardar, ya karanta a fili: yarinyar nan ba ta cin gyaɗa, ko kaɗan ta ci numfashinta zai toshe. Ya juya ya tambayi mai rawani ko akwai gyaɗa a ciki. Mutumin ya yi dariya ya ce, "Gyaɗa a nama? Barkono ne da citta, ta ci abinta." Bai yi ƙarya da gangan ba. Shekara uku suna karɓar gwangwanin nan ta ƙofar baya, babu wanda a cikinsu ya taɓa tambayar tsohuwar da ke aiko shi abin da take zubawa.

Yarinyar ta ɗaga tsinken zuwa baki. Ban san lokacin da na bar ginshiƙin ba, sai dai na ga tsinken a hannuna, muryata kuma ta cika tsakar gidan da Larabci: "Akwai gyaɗa! Rabinsa gyaɗa ne, da hannuna na murje ta!" Uwar ba ta ji abin da na ce ba, sai na kwance bakin mayafina inda nake ɗaure 'yar gyaɗar da nake ci a hanya, na nuna mata a tafin hannu, na nuna gwangwanin. Matar ta dubi gyaɗar, ta dubi 'yarta, ta janyo ta jikinta, sannan ta juya kan Ustaz Nabil da ruwan faɗa wanda ba ya buƙatar tafinta. Shi kuma ya kama hannuna ya kai ni bakin ƙofa, ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ki gaya wa kakarki halas, an gama. Ku ma kuna da iƙama kuwa?"

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta raka ni gida. Da na zayyana abin da ya faru, Umma ta dafe kai, ta ce na toshe mana ƙofar da ta fi kowace kawo abinci, na kuma jawo mana ido. Na jira dukan Sitti. Ta daɗe tana tsince tsakuwa daga cikin barkono ba ta ɗago ba, sannan ta tambaye ni abu biyu. Yarinyar ta ci? Na ce a'a. Da ya ɗaga naman, sunan wa ya kira? Na ce babu. Ta ce, "To," ta ci gaba da tsinta. Mako guda ba ta sake tayar da zancen ba, har na ɗauka fushi take yi da ni.

Alhamis ta zagayo, sai na ga ta yi wanka ta ɗaura atamfarta ta Sallah ƙarƙashin baƙar abaya, ta soke iƙamarta a ƙirji. Ta kira maƙwabcinmu mai ƙaramar motar ɗaukar kaya, aka ɗora turmi da taɓare biyu. Na ruga na ɗauko bargon, ta ce in mayar da shi. Umma ta biyo mu har bakin layi tana roƙon ta da Allah da Annabi, Sitti ta ce mata, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Raɓar da ta shekara sittin ba ta bushe ba, ai ta zama ruwan gari." A bakin lungun da ayarin ke bi, kusa da Bab Makka, aka sauke mu. Ta zuba ƙuli-ƙuli a turmi, ta miƙo mini ƙaramar taɓarya, muka kama lugude, ita ta saki ni in ɗaga. Ban taɓa sanin haka muryar turminmu take ba. Sautin ya bugi bangon gidajen dutse ya dawo, masu shaguna suka leƙo, wasu tsofaffi 'yan uwanmu masu sayar da goro suka taso suka kewaye mu.

Da ayarin ya iso, sababbin fuskoki ne, amma ko ɗaya bai bi lemar ba, kan turmin suka yo. Ustaz Nabil ya matso yana murmushin dole ya ce, "Ya Hajja, me ya kawo wannan?" Sitti ta tsayar da taɓarya, ta amsa da Larabcin Jidda wanda ya fi nasa tsufa: "Sunana Hauwa 'yar Malam Idi, Bahaushiya. A garin nan aka binne cibiyata. Wannan gyaɗa ce, wannan citta, wannan kimba. Faɗa musu da yarensu." Idanu goma sha suna kansa, ba shi da mafita. Ya juya ya fara magana, ni kuma na kasa kunne kamar wancan makon, har na tsinci "Hausa" a tsakiyar Italiyanci, sau biyu.

Bai ƙara sayen yajinmu ba, kuma mun ji a jikinmu, don watanni muka yi miya ba nama. Alhamis uku kawai muka samu kafin masu korar 'yan talla su tashe mu. Amma daga ranar bargon nan ya koma kan gado, inda ya dace da shi, kuma a tsakar gida Sitti ta ci gaba da daka har ƙarfinta ya ƙare.

Yau an gyara tsohon garin, an goge tagogin katakon, an jera fitilu, masu zagayawa da baƙi suna da bajo a wuya. Bara na kai 'yata, wadda take jin Hausa amma da Larabci take amsawa. Da aka zo kan tsire, matashiyar da ke jagorantar mu ta ce mutanen Afirka ne suka kawo shi. Na ɗaga hannu na ƙara mata sunan Hauwa 'yar Malam Idi, 'yata tana jan gefen abayata don kunya. Sitti tana kwance a ƙasar Jidda, injin niƙa ya karɓe aikin taɓarya, gidan Sa'alaba kuma ya watse. Turmin yana wurina a unguwar Bani Malik, a hawa na uku, kuma duk Laraba maƙwabtan hawan ƙasa sukan aiko a ce in rage ƙara. Ina ba su haƙuri, in aika musu da yaji. Bargo dai ban shimfiɗa ba.