Abin da Aka Rubuta a Katin Kasmonah

Yaya Kasmonah maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu a ƙauyenmu na bakin tekun Jawa. Ni bandar kifi nake yi, ita kuwa kamun kaguwa, ita da mijinta Sarpan. Shekara ashirin da shida tana shiga teku. Duk wanda ya ce maka ƙarya ne, ka turo mini shi.

Ba sha'awa ce ta kai ta ba. Ƙanen Sarpan ne ke taya shi jan tarko, sai ya tattara ya tafi Jakarta aikin gini, abin da ake kamowa kuma bai isa a raba da bare ba. Ta ce ita za ta je. Sarpan ya yarda, amma da sharaɗin kada kowa ya sani. A garinmu namijin da matarsa ta hau kwale-kwale ya shiga uku da 'yan rumfar shayi, kullum sai an tambaye shi ko ya sauke shinkafar kafin ya fito.

Saboda haka sai ta riƙa sa tsohon wandonsa da rigarsa, ta naɗe fuska da ƙyalle sai ido kawai, ta kifa malafa. Maza ma haka suke naɗewa saboda rana, ba mai cewa komai. In sun dawo, ya sauke ta bayan itatuwan bakin rafi, ta canza kaya, ta ɗaura zani, ta ɗauki kwando ta shigo gari ta hanyar kasuwa. Kowa ya sani, wallahi har awakin garin sun sani. Amma aka haɗu aka yi shiru don a rufa wa Sarpan asiri, mu duka muna ganin kirki muke yi.

Ana nan gwamnati ta fito da katin masunta. Mai shi yana sayen man inji da rahusa, in teku ta ji masa rauni a yi masa magani, in ta cinye shi a ba iyalinsa wani abu. Sharaɗin ɗaya ne, sai katinka na ɗan ƙasa ya nuna kai masunci ne. Sarpan ya samu. Bayan shekara biyu ɓarin jikinsa ya shanye, da aka zo sabuntawa aka tarar da shi kwance a tabarma, aka soke sunansa. Kasmonah ta ci gaba da fita ita kaɗai, tana sayen mai da tsada, ga majinyaci a gida. A nata katin na ɗan ƙasa kuwa "matar gida" aka rubuta.

Ni na raka ta wurin dagaci. Ya ba mu kujera, ya sa aka kawo shayi mai zaƙi.

"Ranka ya daɗe, kalma ɗaya nake so a canza mini," in ji ta. "A rubuta masunciya."

Ya yi dariya. "Haba Kasmonah, darajar da aka ba ki ce ba kya so? Mace ai sarauniya ce a ɗakinta."

"Sarauniyar ce ke jan tarko ɗari biyu, ranka ya daɗe."

Ya ce to, ba ya hana kowa haƙƙinsa. Ya ce ta kawo hotonta a kan ruwa da sa hannun mutum biyu daga ƙungiyar masunta, sai ya ba ta takardar da za ta kai ofishin gunduma.

Hoton ni na ɗauka, ni da ban taɓa wuce ruwan gwiwa ba. Da muka shiga teku na yi amai har na ga kamar hanjina zai fito. Na ce ta kwance ƙyallen, ta tsaya tana waige-waige kamar ɓarauniya, ga shi ba kowa sai ruwa. Da ƙyar ta buɗe fuska.

Sa hannun ne ya gagara. Muka sami Malam Tarmuji, shugaban ƙungiya, yana ɗinkin raga a ƙofar gidansa.

"Yaya, ni ban taɓa ganin fuskarki a ruwa ba," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

"Ranar da injinka ya mutu, wa ya janyo ka da igiya har bakin gaɓa?" in ji Kasmonah.

"Wani bawan Allah ne mai naɗaɗɗiyar fuska. Allah ya saka masa."

"Tarmuji, ka ji tsoron Allah. Har ruwan gorata ka sha."

Sai ya ajiye allurar ya sassauta murya. "Sarpan abokina ne tun muna yara. Yana kwance bai iya kare kansa, ni kuma in sa hannu cewa matarsa ce ta ci da shi shekara da shekaru? Ba da ni ba."

Abin da ya fi ƙona mini rai, da gaske yake, a ganinsa amana yake riƙewa. Mun bi gida goma sha ɗaya, amsar ke nan. Wata mata ma ta biyo mu har waje tana cewa mu bar tonon silili. Kasmonah ta koma ta roƙi Sarpan da kansa ya aika wa abokansa cewa ya yafe, su sa hannu. Bakinsa a karkace yake amma yana magana. Ya juya fuska bango, ya ce ta bari sai bayan ransa.

Shekara uku muna wannan jeka-ka-dawo. Wasu mata daga birni sun zo sun yi mana taro, suka ce a wani ƙauye mata sun yi nasara. Muka tafa, aka raba shinkafa a ganyen ayaba, suka hau mota suka tafi. Dagaci ya duba hoton ya ce ko shi zai iya hawa jirgin sama a ɗauke shi, ba zai zama matuƙi ba.

Sarpan ya rasu da damina. Da ta fita takaba muka koma wurin Tarmuji, ta tuna masa cewa mai asirin ya tafi. Ya ce yanzu ma ya fi muni, ba a tozarta mamaci.

Dole dai a canza mata kati tunda ta zama bazawara. Muka hau babur ɗaya zuwa ofishin gunduma, muka tarar da wata budurwa mai fara'a a bayan kanta. Raina ya ɗan yi sanyi, na ce yau mace ce. Kasmonah ta kwashe labarin duka ta faɗa mata. Yarinyar ta saurara har idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Inna, in ba takardar dagaci, kwamfutar ba za ta karɓa ba. Amma zan ga abin da zan iya."

Bayan sati biyu katin ya iso. Kasmonah ba ta karatun boko, sai ta same ni a bakin murhu ta miƙo mini.

"Ngatini, duba mini. Ta canza?"

Ta canza. Tunda ba miji, an cire "matar gida". Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi.

"An rubuta ba kya aiki, Yaya."

Ta ce in sake karantawa, na sake. Ni ce na fara kuka, na ce hayaƙi ne. Ita ko ƙwalla ba ta yi ba.

"To madalla," in ji ta. "Ranar da teku ta cinye ni, ba wanda zai cika takarda."

Ta soke katin a lalita, ta ce in miƙo mata jarkar da na ara, za ta je sayen mai kafin a rufe.