Hannun Hawainiya

Shekara ashirin da shida ta yi tana ɗaukar jini a ɗaki na uku na asibitin, wanda ke ƙarshen baranda kusa da famfo, kuma tun shekarar farko aka laƙaba mata Hawainiya. Ko a jikinta. In an kira sai ta amsa, ta ci gaba da abin da take yi.

Nawa kam tana da ita, ba a musu. Kafin allura ta shiga sai ta murza hannun mutum, ta tambayi lafiyar yara, ta lalubi jijiya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Masu layi su yi ta tsaki. Amma duk wanda hannunta ya taɓa, in ya dawo cewa yake a ƙyale shi ya jira ta.

Abin ya ƙaru ne da wata likita mai binciken sankarar mama ta fara turo mata marasa lafiya. Likitar ta zaunar da ita ta yi mata bayani: ƙari yakan saki ƙwayoyinsa cikin jini. Wadda ta fito ita kaɗai galibi a hanya take mutuwa. Waɗanda suka fito uku-uku, biyar-biyar, manne da juna, su suka fi isa huhu ko ƙashi ko hanta su kafa sabon gida. Ashe har cuta ta san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan curin likitar ke farauta, kuma in aka ja sirinji da ƙarfi ko aka girgiza kwalba yana iya wargajewa, mai awo ya ga ɗaiɗai, a ɗauka abin da sauƙi alhali ba haka ba ne.

Daga ranar ta daina ba masinja irin waɗannan kwalabe. Lif ma, injin hawa bene, ta ce fizga yake yi. Ita da kanta take riƙe kwalba a tsaye, ta hau matakala sittin da huɗu zuwa ɗakin awo, da gwiwoyin nan nata masu ƙara. Minti tara zuwa da dawowa, sau nawa a rana oho. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ya taɓa ce mata sannu, kuma wallahi ban ga mai riƙe amana kamarta ba.

Abokiyar aikinta, wata uwar 'ya'ya biyu da ake kira Guguwa, takan gama mutum goma kafin ita ta sallami uku. Tsokana ba irin wadda ba ta yi mata. Takan tambaye ta ko ƙwai ta ɗauko. Hawainiya ta ce sannu ba ta hana zuwa, Guguwa ta ƙarasa mata da sai dai a daɗe ba a je ba, duk ɗakin ya kwashe da dariya.

Shekara biyu da yin ritaya, Hawainiya tana wanka ta ji ƙullutu a mama. Aka yi tiyata aka cire. Likitar nan dai ta rubuta mata awon, ta zo ɗaki na uku ta zauna a kujerar da ta zaunar da dubban mata. Guguwa ce a bakin aiki.

Hawainiya ta san in curin na cikin jininta kuma ya watse a kwalba, za a ce mata ta je ta huta, cutar kuwa ta yi ta tafiyarta. Ta so ta ce a yi a hankali, girma ya hana. Ta miƙa hannu kawai, tana jin tsoro sosai.

Guguwa ta murza hannun. Ta tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya. Ta ja jinin a hankali har na bayan layi ya yi tsaki, ba ta ko waiwaya ba. Masinja ya miƙo kwando ta girgiza kai, ta riƙe kwalbar a tsaye ta nufi matakala. Hawainiya ta zuba wa agogon bango ido. Sai da minti goma sha ɗaya ya cika Guguwa ta dawo.

Bayan kwana uku likita ta kira Hawainiya. An ga curi biyu, ɗaya mai ƙwaya huɗu. Ba labari ne mai daɗi ba, amma yanzu za a yi hoton ƙashi da huhu, a sa mata ido sosai maimakon a sallame ta.

Ta fito ta tarar da Guguwa a baranda, ido ya yi ja.

"A haɗe suka isa, ƙanwata," in ji Hawainiya.

"Anti, ni da na so a ce babu komai."

"Ni ma haka. Amma tun da akwai, gara da aka gani." Ta kama hannun Guguwa ta juya shi tana kallo, sai hawaye. "Har minti biyu kika fi ni nawa."