Gurbin da Aka Bar Mini

Tun da aka yi mini aiki a kafaɗa na zama mutumin zaure. Da safe in jawo tabarma da hannun hagu in zauna, hannun dama yana rataye a wuyana cikin majanyin asibiti, ina sauraron babura suna wucewa hanyar Isa. Kowane babur na san mai shi daga kukan injinsa. Na daɗe ina kabu-kabu tsakanin Sabon Birni da ƙauyukan kewaye, kuma duk mai hawa ya san hannun dama shi ne na totur da birki. In ya mutu, sana'ar ta bi shi. Zaman nan ne ya sa Kaka Tumba ta hana ni sakat, ita da ta daɗe da barin duniya.

Uwar mahaifina ce, a Tsamaye muka zauna da ita. Bayan girbi, in an ci tuwo an yi isha'i, sai ta hura wuta da karan dawa a bakin ɗakinta, ta binne gyaɗa a cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba tsohuwa ce mai lallashi ba. Akwai wani guntun kara da take gyara wuta da shi, da shi kuma take zungurin duk wanda ya fara gyangyaɗi. Tatsuniyoyinta ma haka suke, ba kasafai suke ƙarewa da biki ba. Amma mun fi son gindin wutarta da ko'ina, don ita kaɗai ce ba ta yi mana ƙarya wai don mu yara ne.

"Ku rufe baki ku buɗe kunne," haka take farawa, "ga wata nan tahe."

Mu ce, "Ta iso, Kaka."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta shamuwa. Wata shamuwa ce iskar damina ta buga da reshen kuka, fiffikenta ya karye. Wata tsohuwa mai ginin tukwane ta tsince ta, ta ɗaure fiffiken da igiyar rama, ta ce kada ta taɓa igiyar sai ranar da ta ruɓe ta faɗi da kanta. Shamuwa ta yarda, ta zauna tsakar gida tana tsintar tsaki tare da kaji. Ana nan damina ta ja baya, lokacin tafiyar shamuwa ya yi. 'Yan uwanta suka tashi daga kan kuka, suka jera a sama, suka kewaya gidan tsohuwa. A tsakiyar jerin akwai wuri ɗaya da ba kowa, a nan ne ta saba tashi tun tana ƙarama. Suka sake kewayowa, wurin yana nan a buɗe. Shamuwa ta sa baki ta tsinke igiya ta tashi ta shiga gurbinta. Ba su ƙetare gulbi ba fiffiken ya sake, ta faɗo a bakin ruwa. Ba ta mutu ba. Ta dai ƙare kwananta a ƙasa, tana tafiya da fiffike ɗaya yana jan ƙasa.

Hadiza, ɗiyar baffana, ta ce, "To Kaka, don mi sunka kira ta, sun san ba ta warke ba?"

Kaka ta juya gyaɗa a toka ta ce, "Wa yac ce miki sun kira ta? Ba wadda tat tanka mata. Wurinta kawai sunka bari."

Ni kuwa da rawar kai na ce ai wawuya ce, da ni ne ko motsi ba zan yi ba. Kaka ta dube ni ta gefen ido har sai da na tsargu.

"Kai, Sani? Kai za ka riga ta tashi."

Aka yi mini dariya, ta share toka daga hannunta ta ce ta ƙare, kowa ya nemi makwanci. Muka tashi da cewa tatsuniyar a kan gaggawa take, kuma haka na riƙe ta har na yi gemu.

Kafaɗata ta fara gocewa ne ranar da yashi ya kwashe ni da buhun gero a hanyar Kurawa. Mu 'yan kabu-kabu muna da maganinmu: a kwantar da kai, wani ya sa diddige a hammatarka ya ja hannun har ka ji ƙas. Mamman ne ya yi mini, abokina tun muna koyon hawa da babur ɗin aro. Washegari na koma aiki. Daga nan kafaɗar ta mai da abin al'ada, ko hannu na miƙa baya zan ɗaure kaya sai ta fita, Mamman ya zo da diddigensa yana yi mini tsiya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shi ya kai ni asibiti a Sakkwato, shi ya kwana a baranda har aka sallame ni. Likita ya ɗinke abin da ya yage a ciki, ya ce hannun ya zauna a ɗaure sai ya ba da izini, ko buta kada in ɗaga. In na bari ya kama zan koma kan babur, in na tsinke shi ba ya yi mini alkawarin komai.

Na bi maganarsa sau da ƙafa. Na koyi cin tuwo da hagu ina jin kunyar 'ya'yana. Ɗinkin bai gama kamawa ba mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka tare Mamman yana dawowa daga Tozai. Gawarsa aka kawo.

A wurinmu makara a kafaɗa ake ɗaukarta, ana karɓeɓeniya: wani ya zame, wani ya shiga nan take, ba a barin ta ta karkata. Ranar 'yan kabu-kabu suka jingine babura suka ɗauki nasu. Ina biye a baya da hannuna a wuya. Mun kusa maƙabarta sai na gaba ya zame, a ɓangaren da sai kafaɗar dama. Ba wanda ya shiga. Mutane cike da hanya, kowa ya sunkuyar da kai, makara ta fara karkata. Girma suke ba ni, don kowa ya san abin da ke tsakanina da mamacin. Na zare majanyin ta kaina na shiga. Nauyin na sauka na ji wani abu ya tsinke a ciki, kamar zaren tsohuwar riga. Ban saki ba sai da aka karɓe ni.

Da na koma Sakkwato likita ya daɗe yana duban hoton kafaɗar da aka ɗauka. Ya ce za su sake gwadawa, wataƙila in iya kai loma baki da shi, amma in cire babur daga raina.

Yanzu na gane Kaka ba gaggawa take koya mana ba. Ita ta san mutanenmu. Ba sa tilasta ka, ba sa ko buɗe baki, balle gobe ka kama sunan wani. Wuri kawai za su bar maka, kai ka ƙarasa sauran da kanka. Ina jin haushinsu, ba zan ɓoye ba, don a cikinsu ba wanda bai ga majanyin a wuyana ba. Abin da ya fi cin raina shi ne, ko yau aka sake ɗauko Mamman aka bar gurbin nan, na san zan sake shiga.

Jiya wanda ya zame mini daga makarar ya tsaya a ƙofar zaure, bai ko kashe injin ba. Ya yi mini ya jiki, ya dubi hannun, ya girgiza kai.

"Kai ma dai, Sani, da ɗinki ɗanye. Wa ya aike ka?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya gyaɗa kai, hankalinsa ya kwanta, ya murɗa totur ya wuce.