Goggo Rifkatu da Cocin da Ta Ƙi Bari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Goggo Rifkatu, ƙanwar mahaifina, amma har yau in na tuna abin da ta yi a wata coci a Sparkbrook, wata unguwa a Birmingham ta Ingila, sai tsigar jikina ta tashi.

Tana budurwa ta baro Kafanchan ta zo Birmingham koyon aikin jinya, a zamanin da masu gidajen haya ke liƙa takarda a taga cewa ba sa son baƙar fata. Lahadinta ta farko ta ɗaura ɗankwali ta shiga cocin unguwar. Da aka tashi, limamin ya gaishe ta da fara'a a bakin ƙofa, sannan ya roƙe ta kada ta sake zuwa, wai jama'arsa ba su saki jiki ba.

Mako na zagayowa ta koma. Duk bencin da ta zauna, sai a tashi a bar mata shi. Ranar Jibin Ubangiji kuwa, da masu ibada ke sha daga kofi ɗaya, sai kowa ya sha ake miƙa mata kofin, don ba mai yarda ya sa baki bayanta. Ta yi kusan shekara biyu a haka. Wata Lahadi wani tsohon Bature mai gyaran bas, wanda bai taɓa ce mata uffan ba, ya jira kowa ya gama, ya zo ya durƙusa kusa da ita. Ta sha, ya karɓa ya sha. 

A cocin nan aka yi jana'izarta, baƙi da farare har waje.

Ni a Rusholme nake zaune, a Manchester. 'Yata Hannatu likita ce a unguwar Edgbaston ta Birmingham, Turawa na layin ganinta. Amma bara ta kira wani mai gidan haya a waya tana neman wurin zama, yana jin sunan mahaifinta ya ce an riga an kama. Da Goggo na raye, ina jin na farkon zai sa ta hawaye, na biyun kuwa ko mamaki ba zai ba ta ba.

Ba ta bar gida ko fili ba. Abin da ta bar mana amsa ce. Tana kwance a asibiti na tambaye ta me ya hana ta neman wata cocin, tunda da ni ce ko wuni ɗaya ba zan jure ba. Sai ta ce:

"'Yata, da na tafi, wadda za ta zo bayana daga farko za ta soma."