Tambayar Baba da Ban Isar Ba

Shekarun baya, ina zaune a gida Durba da takardar difloma a ƙarƙashin katifa, wani kamfanin ƙasar waje mai sayen riɗi ya shigo yankinmu. Manyan motocinsu suka yi ta jigila, cikin damina biyu hanyarmu ta zuwa Kibiya ta zama abin tausayi. Da gunaguni ya yi yawa sai suka kira taro a ƙofar gidan dagaci, aka ɗauko ni tafinta, wai ni ne mai Turanci. Na goge takalmi, na ari agogon abokina wanda ko motsi ba ya yi. An riga an raɗa mini cewa suna neman akawu, ni kuwa na sa rai sosai.

Manajan ya yi bayani, ina fassarawa. Za su haƙa rijiyar burtsatse, ga kuma huluna da za a raba. Aka tafa. Sai mahaifina ya ɗaga hannu.

Mahaifina mutumin zamanin haraji ne. Ya sha ba mu labarin yadda a da, in babu takardar haraji a aljihunka, ko kasuwar Rano ba ka shiga da kwanciyar hankali. Wata shekara ma sai da ya sayar da tunkiyar mahaifiyata ya biya. A wurinsa, duk wanda ke cin arzikin gari ya kamata ya iya nuna takarda.

Ya dube ni ya ce, "Ka ce masa mun gode da hula. Amma takardar harajinsu muke son gani. Me suka biya a kan riɗinmu, wa suka ba? In sun biya, mun san wanda za mu bi kan maganar hanya. In ba su biya ba, mu sani."

Ardon rugar bayan gari ya gyaɗa kai ya ce, "Malam ya yi gaskiya. Mu ai shanunmu ɗaya-ɗaya aka riƙa ƙirgawa ana karɓar jangali."

Na kalli manajan, na tuna aikin akawu. Sai na ce masa da Turanci dattijon godiya yake yi, yana kuma roƙon a taimaka a duba hanya. Ya yi murmushi ya ce za a duba. Na juyo na ce, "Baba, ya ce zai kawo."

"To madalla," in ji shi, ya koma ya zauna. A hanyar gida ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga amfanin boko ke nan." Na rasa inda zan sa kaina.

Aikin dai ban samu ba, ƙanin wani direba aka ɗauka. Agogon ma da yamma mai shi ya biyo abinsa.

Shekara biyu Baba ya ƙara a duniya. Yakan shimfiɗa buzu a ƙofar gida bayan la'asar, in farar motar kamfanin ta gifta ya bi ta da kallo ya ce, "Ko yau ne?" Ni kuma in ce, "Wataƙila sai wani satin, Baba." Na sha ɗaura niyyar gaya masa gaskiya, da na ga fuskarsa sai in fasa.

Yanzu ina aiki a Kano. Nakan ji masana a rediyo suna ta muhawara cewa a tilasta wa manyan kamfanoni su bayyana harajin da suke biya a duk ƙasar da suka samu riba. Nakan rage muryar rediyon, don a gabana wani manomi ya faɗi wannan a tsaye, gaba ɗaya bai wuce minti ɗaya ba. Kewarsa takan kama ni ƙwarai. Ina ma a mayar da ni ƙofar gidan dagacin nan, ko na minti biyar ne, in faɗa yadda ya faɗa, manajan ya ɓata rai in ya ga dama.

Baba ya rasu yana ganin mutumin ne ya saɓa alkawari, har yakan ce ya yafe masa. Shi kuwa mutumin ko jin tambayar bai yi ba.