Auta Yana Ƙarƙashin Ƙasa

Mu biyu Allah ya bar wa Inna a gidanmu na unguwar Gardolé, ni da auta. Ni ne ɗan fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai" ne sunana, har na haifi 'ya'ya uku. Kunyar ɗan fari ce, na sani. Amma sunan auta ba ya sauka daga bakinta, tun safe har magariba.

Shi ya tafi Faransa karatu, ya zama injiniya, aka ɗauke shi aikin gina wani layin jirgin ƙasa a Paris, jirgin da ke tafiya ba direba. Ba direba fa! Ni kuwa direba ne. Bas nake ja daga unguwar Chagoua zuwa babbar kasuwa, ina kauce wa ramuka da awaki, a garin da ko taku ɗaya na layin dogo babu.

Ya aiko da hoto, yana tsaye jikin jirgin da hular kwano a ka. Inna ta adana shi cikin fanteka. Duk macen da ta shigo sai an buɗe mata. "Jirgin auta shi ke tuƙa kansa, ba ruwansa da direba." A gabana! Ina tsugune ina wanke baƙin mai, bayan na sauke mata gawayi da nama. Hassada na yi, ba sai an gaya mini ba. Na kusa, ai, ba a ganin ƙoƙarinsa.

Da Faransanci yake rubuto wasiƙa, ni nake fassara mata, tunda na ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko. Ban taɓa gaya mata ta cikin rami jirgin yake bi ba, don kada in ƙara wa Borno dawaki.

Wata rana da la'asar wasiƙa ta zo, adireshin an buga shi da keken rubutu, ba hannun auta ba. Inna na tsince shinkafa a faifai, ta dubi ambulan ɗin, ta dube ni. Na karanta a zuci. Lafiyarsa ƙalau. An buɗe layin, yanzu kuma ana ƙara masa tsawo, wuni yake cikin rami bai ga rana ba, bana ma ba zai zo gida ba.

"Me aka ce?" in ji ta.

Na ce, "Inna, auta dai yana ƙarƙashin ƙasa." Na ja bakina na yi shiru. Wallahi na san abin da wannan magana take nufi a bakinmu.

Faifan ya kife. Ta yi salati, ta cafke wuyan hannuna, ta kira sunana. Sunana na yanka, sau biyu, raɗau. "Kai kaɗai ka rage mini," ta ce.

Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Shekara talatin da wani abu ina jiran wannan, sai na bar shi ya ɗan jima. Sai da na ji takun maƙwabta a zaure, sun jiyo salatin, sannan na ce, "A'a, Inna, aiki nake nufi. Jirgin ne ke bi ta rami. Yana gaishe ki."

"Sahi?" ta tambaya da Larabcin garinmu.

"Gaskiya ne."

Ta daɗe tana kallona. Ta saki hannuna, ta durƙusa tana kwashe shinkafar. "Ka san abin da ka faɗa," ta ce, ba ta ƙara ba.

Daga ranar ta daina ba ni wasiƙa. Wani tsohon malamin lakwal a unguwar Habbena ya koma karanta mata, kuma ni nake kai ta. Kujerar gaba nake share mata, ta wuce ta zauna a baya, wasiƙar a ƙulle a bakin zane. In mun iso ƙofar gidan malamin, sai ta ƙwanƙwasa jikin motar kamar kowane fasinja.

"Kai, tsaya nan."