Sunan 'Yar Fari a Bakin Iyaka

'Yata ta fari ta shekara huɗu ban taɓa kiran sunanta ba. Haka na tashi na gani a gidanmu a Kano: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, in an tambaye ni kuma in ce "yarinyar nan". Na ɗauko kunyar nan tun daga gida na kawo ta Danau Kota, wata unguwa a Kuala Lumpur ta ƙasar Malesiya, inda babu surukar da za ta gan ni.

Maigidana ya gama karatunsa ya koma gida, ya bar ni ina nawa karatun. Kullum ina jami'a, yarinyar tana wajen maƙwabciyarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar da kowa ke kira Makcik, wato Inna a yarensu. Ita ba ruwanta da wata kunya. Sai ta kira sunan ta ja shi kamar waƙa, ta ba ta shinkafa a baki, ta sumbace ta a cikin lif gaban kowa. In na dawo sai in ji 'yata tana ƙamshin man kwakwar matar. Baki yana godiya, amma wallahi kishi ke cina. Ni na yi naƙuda, wata ke shan daɗin.

Da hutu ya zo, Makcik ta ce mu raka ta wajen ƙanwarta da ke aure a hayin iyakar Tailan, can cikin duwatsu. Na amsa ne kawai don kada a tafi da yarinyar ba ni, na nemo mana biza. Muka hau bas daga Kuala Lumpur zuwa arewa, daga nan muka shiga wata ƙaramar mota mai hawan dutse. Hanya sai lanƙwasa take, daji ko'ina, gajimare a ƙasa da mu. Yarinyar ta yi amai, ta yi kuka, ta yi barci, duk a cinyar Makcik. Ni jaka aka ba ni riƙo.

Iyakar ba wata aba ba ce: ɗan gini ɗaya, ƙarfe a gicciye, birai a kan rufi. Jami'in ya buɗe fasfo ɗinmu, ya ga sunan uban yarinyar daban da nawa, ya ga kuma wadda take maƙale da ita. Ya sunkuya ya tambaye ta da Malayanci ina uwarta. Ba ta ko kalle ni ba, ta cusa fuska a wuyan Makcik.

"'Yarta ce mana, ni raino kawai nake," in ji Makcik tana nuna ni.

Ya ɗaga mata hannu alamar ta dakata, ya juyo gare ni. Ya ce ba zai bari yarinya ta ƙetare ba sai ya tabbata da uwarta take. Aikinsa yake yi, ban ga laifinsa ba. "Kira ta," ya ce.

"Ke, zo nan."

Ko motsi ba ta yi ba.

"Madam, da sunanta," ya ce, ya rufe fasfo ɗin ya ɗora hannu a kai.

Na waiga. Direba yana jira, mutanen layi suna kallona. Babu Bahaushe ko ɗaya a kan dutsen nan, amma ji nake kamar duk matan gidanmu sun jeru a bayana. Sai na ga bakin Makcik ya fara motsi, za ta kira mini shi don ta taimake ni. Nan zuciyata ta tashi. Sunan ma sai ta riga ni?

Na kira shi. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na so, har wani biri ya tsorata ya yi tsalle.

Yarinyar ta ɗago kai. Ta zame daga jikin Makcik, ta tako a hankali ta kama bakin hijabina. Jami'in ya buga hatimi. Ban ma ji ƙararsa sosai ba, don ta ɗaga ido tana kallona, ta tambaye ni cikin Turancinta:

"Umma, ashe kin san sunana?"